Yadda Na Sha Wuya Kafin Na Sami Magini

Ran da iska ta kwashe rufin gidanmu ina makaranta, ina duba littattafan lissafi na 'yan aji biyar bayan an tashi. A farkon watan Mayu ne na 2023. Duk wanda ya zauna a ƙasar Filato ya san irin hadarin nan na farkon damina. Gabas ta yi baƙi ƙirin, guguwa ta taso da ƙura, kafin ruwa ya sauko iska ta riga ta gama ɓarnarta. Ina zaune sai ga ɗana na biyu da gudu, ba ko takalmi, ya ce, "Baba, ɗakin Kaka ya tashi." Da na iso gida na tarar da kwanonmu a gonar maƙwabci, da katakonsa duka a jikinsa, kamar wanda aka ɗauke da hannu aka ajiye. Falo da ɗakin mahaifiyata suna kallon sama. Bangon ɗakinta na gabas ya zube waje. Ita kuwa tana madafa sa'ad da abin ya faru, ko ƙwarzane ba ta samu ba. Mun gode wa Allah saboda wannan har yau.

Gidan nan mahaifina ne ya gina shi a 1981, da kuɗin da ya tara a aikin kuza kusa da Bukuru. Da tubalin ƙasa ya gina, aka shafe shi da siminti, aka rufa kwano. Shekara arba'in da biyu ke nan yana tsaye, ba wanda ya taɓa hawa ya duba katakon. Maƙwabta suka taru da maraice, muka mayar da tsohon kwanon a kan falo, muka danne da duwatsu. Mama ta koma ɗakin yara, yara suka koma falo. Muka ce na mako biyu ne ko uku. Ashe damina biyu za mu yi a haka.

Albashin malamin makarantar ikkilisiya, ku da kanku kun san shi. Na ɗauki adashina, na ci bashi a ƙungiyar taimakon juna ta malamai, ƙanwata da ke aikin jinya ta aiko da nata gudunmawa. Duka suka kama naira 700,000. Niyyata ita ce a sāke rufin falo, a tā da ɗakin Mama da bulon siminti, a kuma yi mata makewayi a ciki, gama ƙafafunta sun fara ba ta wahala, fita da dare ya zama mata aiki.

To, ga inda na yi kuskure, kuma saboda shi ne na ke rubuta wannan. Ban nemi magini ba ko kaɗan. Magini ne ya neme ni. Ran Lahadi bayan sujada wani saurayi ya tare ni a ƙofar majami'a ya yi mini jaje. Na san shi tun yana yaro, na koyar da ƙannensa biyu, muna kuma raira waƙa tare a ƙungiyar mawaƙa. Ya ce, "Malam, ai aikin nan nawa ne. Kada ka kai wa bare kuɗinka alhali ga ɗanka." Na san yana fita aikin gini, na sha ganinsa da farar ƙura a kansa. Washegari ya zo gida, ya zaga sau ɗaya, bai auna kome ba, ya ce da kaya da aiki duka a ba shi 900,000. Muka yi jinga a kan 800,000. Ya ce in ba shi 600,000 kafin alƙalami domin ya sayi kaya gaba ɗaya tun ba su tashi ba.

Uwargida ta ce mini da dare, "Malam, ka taɓa ganin gidan da yaron nan ya gina?" Na ce mata ai ɗan'uwa ne, kowane mako muna tare da shi. Ta ce, "Muryarsa na sani, hannunsa na ke tambaya." Na ji haushin maganar, na ce mata mata ba su san sha'anin gini ba. Da safe na tura masa kuɗin ta waya. Abin kirki guda da na yi a cikin al'amarin ke nan, shi ma ba da wayona ba ne. Ƙarancin takardun naira da aka sha a farkon shekarar nan ya riga ya saba mana da tura kuɗi ta waya, saboda haka shaidar biya ta zauna a banki. Takarda kuwa ba mu rubuta ko layi ɗaya ba. Ni da na ke hana yara fita fitsari sai da izini, na ba da dukiyar gidanmu a kan fatar baki.

Mako na farko aiki ya yi kyau a ido. Aka kawo yashi tifa ɗaya, da bulo, da siminti buhu goma. Samari uku suka haƙa tushe da safe, kafin la'asar har sun fara jera bulo. Ni kuwa ina murna da saurinsu. Cikin kwana shida bango ya kai bisa taga. Daga nan sai aiki ya tsaya.

Ran 29 ga Mayu sabon shugaban ƙasa, Bola Tinubu, ya ce an janye tallafin man fetur. Cikin kwana biyu kuɗin mai ya ninka har wajen sau uku, kome kuwa ya bi shi, gama yashi da katako da siminti duk a mota su ke zuwa. Wannan ya zama wa saurayin nan abin fakewa. Yau ya ce direban tifa ya ƙara kuɗi, gobe ya ce mai kwano ya rufe shago yana jiran sabon farashi. Na ce, "To, ba ka ce za ka sayi kaya gaba ɗaya tun farko ba?" Ya ce ya ba da kuɗin, kayan ne ba su iso ba. Na roƙi rasit, ya ce yana gida. A watan Yuli ya daina ɗaukar wayata. Na ji daga bakin mahaifiyarsa cewa ya tafi aiki wajen Abuja.

Kafin ƙarshen Agusta sabon bangon ya tsage daga kusurwar taga har ƙasa. Tsagar tana iya cin yatsana. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ya kan sami wurin shiga, mu kam da idonmu muka gani, har da 'ya'yansu. Inda sabon bulo ya haɗu da tsohon bangon ƙasa kuma ya buɗe, ana hango haske ta ciki.

Abin da ya fi asarar kuɗin ciwo shi ne kunya. Da baƙo ne ya yi mini haka, da na kai shi wurin mai unguwa ko 'yan sanda ban ji kome ba. Amma mahaifiyarsa da matata suna zumuntar mata tare. Kowace Lahadi sai mun gaisa da ita, ta sunkuyar da kai, ni ma in sunkuyar. Wata huɗu na yi ina haɗiye maganar. A ƙarshe na kai ta gaban dattawan ikkilisiya. Da ya dawo Kirsimati suka kira mu. A nan ne gaskiya ta fito. Shi ba birkila ba ne. Lebura ya yi shekara uku, sa'an nan ya koyi fenti. Ya taɓa karɓar aikin wani mutum, kuɗin ya ƙare aiki bai ƙare ba, sai ya ɗauki nawa ya toshe wancan ramin, yana sa zuciya wani aikin zai fito ya toshe nawa. Ya yi kuka, ya amsa laifinsa, dattawa suka lissafta abin da ya kashe a gidana, suka ce ya biya ni 380,000 kaɗan kaɗan.

Ban ɗauke shi ɓarawo ba, har yanzu ma. Daga baya na gane yawancin ayyukan da ke tsayawa a unguwanninmu haka su ke tsayawa: kuɗin Audu a aikin Bala, na Bala a aikin wani, sai ran da igiyar ta tsinke a kan wanda tsautsayi ya faɗa wa. Amma dole in faɗi wani abu ga 'yan'uwa masu karatu, ko da ba zai yi daɗin ji ba. Zama tare a majami'a ba ya koya wa mutum riƙe cokalin gini. Mun iya tambayar takardar shaidar malami kafin mu ba shi aji, amma in ɗan'uwa ya ce shi magini ne sai mu ga tambaya kamar rashin ƙauna ce. Da na tambaye shi tun farko, da na cece shi daga bashin da ya fi ƙarfinsa, na kuma ceci mahaifiyarsa daga sunkuyar da kai.

Rani ya shiga, ba kuɗi. Sa'ad da na ba da jingar farko buhun siminti yana wajen naira 5,000. A watan Fabrairu na 2024 ya haura 10,000, har ministan ayyuka ya kira manyan kamfanonin siminti, aka yi maganar a sayar tsakanin 7,000 da 8,000. Na yi lissafi na ga kuɗin da ya salwanta a hannuna, ko an biya ni shi duka, ba zai sayi rabin abin da zai saya a dā ba. Sai wata dabara ta zo mini. Na ce zan sami wani ya cusa siminti a tsagar, a yi filasta a rufe, a ɗora kwano a kai, Mama ta koma ɗakinta. Har na fara tambayar kuɗin katako.

Ran Jumma'a 12 ga Yuli 2024 benen wata makaranta ya rushe a unguwar Busa Buji cikin Jos, yara suna cikin aji. Mutum 22 suka rasu, fiye da ɗari suka ji rauni. Ni malami ne, na san yadda aji ya ke da safe, na san wanda ke zama kusa da bango. Daren nan ban yi barci ba. Da gari ya waye na tsaya gaban bangon nan nawa, na sa hannu na tura shi, na ji yana motsi. A ƙarƙashinsa na ke shirin kwantar da tsohuwar da ta haife ni, domin kada in yi asarar bulo ɗari uku. Na shiga na ce wa uwargida za a rushe shi. Ba ta ce mini "ai na faɗa maka" ba, ko da ya ke tana da iko ta ce.

A wannan karo da kaina na fita nema, na kuwa ɗauki wata biyu ina yi. Na fara da tambayar mutanen da aka yi wa aiki. Duk inda na ga gini mai kyau a unguwa, wanda ya sha damina biyar ko fiye bai tsage ba, sai in yi sallama in tambayi maigidan wa ya gina masa. Sabon gini ba ya ba da shaida, gama filasta da fenti suna rufe kowane irin aibu na shekara guda. Na koyi in yi tambayar sa'ad da maginin ba ya wurin. Tambayoyina uku ne ko huɗu: ya gama a lokacin da ya ce? Ya nemi ƙarin kuɗi a tsakiyar aiki? Siminti ya taɓa ɓacewa? Da wani abu ya lalace daga baya, ya dawo? Wani maigida ya yaba mini magininsa ƙwarai, amma da na ce ko zai sāke ba shi aiki, sai ya yi shiru ya ce, "To, sai dai in ina tsaye a kansa." Wannan shirun ya ishe ni amsa.

Sa'an nan na tafi kasuwar Katako a Jos, wurin wani Alhaji da mahaifina ya saba saye a hannun mahaifinsa. Masu sayar da kaya sun san magina fiye da kowa. Sun san mai biyan bashi, sun san mai zaɓar katako da kansa, sun kuma san mai cewa a rubuta masa rasit da kuɗin da ya fi na gaskiya. Sai dai a yi hattara, gama waɗansu suna da la'ada tsakaninsu da maginin da su ke turo ka wurinsa. Alhaji ya ambaci sunan wani dattijo. Sunan nan kuwa na riga na ji shi a gida biyu daga cikin waɗanda na shiga. Ya ce, "Malam, yana da tsada, yana da taurin kai, ba ya kuma sauri. In ka iya da waɗannan uku, je ka."

Mutum uku na kira su duba aikin, kowa da ranarsa. Na farko ya faɗi kuɗi tun bai gama zagawa ba, ya kuma ce bangon ba ya bukatar rushewa, zai ɗaure shi. Na biyu ya kawo lissafi a rubuce, mai araha ƙwarai, amma da na zauna da shi da jan biro na ga babu rodi a ciki, babu maganin gara, babu ƙofa. Da na tambaya ya ce ai waɗannan sai an zo wurin. Irin wannan arahar ita ce ke zama tsada a tsakiyar aiki, sa'ad da rufinka ke buɗe ba ka da bakin musu.

Dattijon ya zo ran Asabar da sassafe a kan tsohon keke, da igiya da tef da ma'aunin ruwa a jaka. Musulmi ne, ya kusa shekara saba'in, ya ce tun yana ɗan shekara goma sha biyu ya ke bin mahaifinsa wurin gini. Ya gai da Mama tukuna, ya durƙusa har ƙasa. Sa'an nan ya yi fiye da sa'a guda bai ce kome a kan kuɗi ba. Ya ɗauki bulo ɗaya daga ragowar da ke tsakar gida, ya ɗaga shi daidai ƙirjinsa ya sake. Bulon ya watse kamar ƙuli-ƙuli. Ya ɗauki gutsure ya murje da yatsa ya zama yashi. Ya ce, "Malam, wannan buhu ɗaya an buga fiye da hamsin da shi. Ni bulo mai inci tara ba na yarda ya wuce talatin da biyar a buhu." Ya karɓi diga ya haƙa gindin bangon. Tushen bai kai kamu ɗaya ba, ba kankare a ƙarƙashinsa, an jera bulo ne kawai a kan baƙar ƙasa. Bisa taga kuma, inda ya kamata a zuba linta da rodi, guntun katako aka sa aka shafe.

Daga nan ya sa aka kawo tsani ya hau falo. Ya soka ƙusa a katakon, ta shige kamar cikin gurasa, gara ta cinye cikinsa. Ya kira ni in hau in gani. Ya ce, "Ka lura kwanonka bai tashi shi kaɗai ba, da katakonsa ya tashi. Ba abin da ya riƙe katakon da bango sai nauyinsa. Iska in ta shiga ƙarƙashi, ɗagawa ta ke yi." Na ce, "Baba, to, ya aka yi ya shekara arba'in?" Ya ce langa-langar da mahaifina ya ɗaure da ita ce ta yi tsatsa ta tsinke, ya nuna mini guntayenta a cikin bango. Ashe tsohona ya yi aikinsa daidai, mu ne ba mu duba ba.

Bayan kwana uku ya dawo da lissafi, jikansa ya rubuta masa a takardar makaranta. Kuɗinsa ya fi na sauran biyun. Amma kome yana ciki, har ƙusa da waya da kuɗin ruwa. Shi da kansa ya ce kada in ba shi kuɗin kaya. Ya ce, "Ka sayi kayanka, in raka ka in zaɓa, ka riƙe mabuɗin ɗakin ajiya. Ni kuɗin hannuna kawai na sani. Kuɗin mutane a aljihuna ba ya barina barci." Wannan hanya tana da wahalarta, gama duk Asabar ɗina ta koma kasuwa, in kaya ya yanke kuma laifina ne, leburori suna zaune ina biyansu. Wanda ba shi da lokaci, ko yana nesa, dole ya ba da kwangila gaba ɗaya. Amma ga mai ƙaramin ƙarfi irina, da ke tara kuɗin buhu biyu yau, uku wata mai zuwa, ban ga abin da ya fi ta ba.

Muka rubuta yarjejeniya, shafi ɗaya, da Hausa. Aka faɗi aikin da za a yi ɗaki ɗaki, da wanda zai kawo kaya, da kuɗin hannu. Aka raba biya kashi huɗu: bayan tushe, bayan linta, bayan rufi, bayan filasta da daɓe. Kowane kashi sai an gama an duba kafin a biya. Na roƙa a bar kashi ɗaya cikin goma a hannuna sai ruwan farko ya sauka a kan rufin. Na yi zaton zai ji haushi. Ya yi dariya ya ce wanda ya ci ladan kuturu ai dole ya yi masa aski, a rubuta. Muka kuma rubuta cewa in na sāke ra'ayi na ƙara wani aiki, sai an yi sabuwar jinga kafin a taɓa shi. Mai unguwa ya sa hannu, da dattijo ɗaya na ikkilisiyarmu, da babban ɗansa. Kowa ya riƙe kofi.

An fara a watan Nuwamba na 2024. Na koyi abubuwa a wata biyun nan fiye da yadda na zata. Tifar yashi ta farko ya mayar da ita. Ya zuba yashin a kwalba, ya cika da ruwa, ya girgiza, ya ajiye. Bayan 'yan sa'o'i yashi ya kwanta a ƙasa, laka ta kwanta a bisansa, kaurinta ya kai yatsa biyu. Ya ce siminti ba ya kama laka. (Na kai wannan gwaji aji, yara suka kawo yashi daga rafuffuka dabam dabam, muka jera kwalabe a taga. Ban taɓa ganin sun so darasin kimiyya kamar ran nan ba.) Siminti kuwa ya sa muka jera shi bisa katako, nesa da bango, ya hana ni sayen da yawa a lokaci guda, gama in ya daɗe yana shan danshi sai ya dunƙule ya rasa ƙarfi. Kankare kuma da kwanon sarki a ke aunawa a gabansa: ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa. Buhu ɗaya mai kilo 50 kwano biyu ne. In lebura ya ƙara ruwa domin kwaɓin ya yi masa sauƙin juyawa, sai ka ji muryar Baba daga bayan gida.

Ya haƙa tushe ƙafa uku, sai da ya tarar da jar ƙasa mai tauri. Sabon ɗakin ya tsayar da shi a kan ginshiƙansa, bai jingina shi da tsohon bangon ƙasa ba, gama ya ce ƙasa da siminti ba sa motsi tare, in an haɗa su dole su rabu. Ya zagaye saman bangon da kankare mai rodi, ya bar ƙananan rodi suna leƙowa sama, da su aka lanƙwasa aka ɗaure katakon rufi. A falo, inda bangon na ƙasa ne, ya huda bango ya zura sabuwar langa-langa ta sauko layi huɗu na tubali. Kafintan da ya kawo ya shafe kowane katako da maganin gara kafin a hau da shi, ya buga ƙusa a kan tudun kwano, ba cikin kwarin da ruwa ke bi ba. Bandir ɗaya falle ashirin ne, sai da muka ƙirga a shago, muka sāke ƙirgawa a gida.

Mun yi saɓani sau ɗaya. Ina so Mama ta yi Kirsimati a ɗakinta, na ce a cire katakon linta a ci gaba. Ya ƙi. Ya ce kankare sai an shayar da shi ruwa safe da maraice har kwana bakwai aƙalla, balle a cikin hunturun Jos da iska ke busar da kome, cikakken ƙarfinsa kuwa sai ya yi kwana ashirin da takwas. Na ce, "Baba, gidana ne fa." Ya ce, "Gidanka ne, Malam, amma sunana ne a jikinsa." Ya hau kekensa ya tafi. Yarana ne suka yi ta jan ruwa a rijiya suna shayar da bango har mako ya cika.

Kada in sa ku zaci mala'ika na samu. Alhaji bai yi ƙarya ba, mutumin ba ya sauri. Ya tafi jana'iza ƙauyensu ya yi kwana tara bai aiko da saƙo ba. Ƙofar makewayi ta ɗan karkace, sai an ɗaga ta kafin ta rufu, har yau haka ta ke. Ni ma na yi nawa laifin. Albashin Disamba ya makara, kashi na uku ya wuce lokacinsa da mako biyu, alhali shi ya riga ya biya leburorinsa daga aljihunsa. Mu masu gida mun iya kuka da magina, amma da yawa cikinsu suna bin mutane kuɗin gumin da suka yi shekara da shekaru. Na je har gidansa na ba shi haƙuri, na kai rabin abin da ya ke bina.

Wata rana muna shan inuwa na tambaye shi ko zai iya ɗora mini bene nan gaba in yara sun girma. Ya ce a kan wannan tushe, a'a. Ya ce bene kuma ba aikin da zai karɓa shi kaɗai ba ne, sai injiniya ya zana ya faɗi yawan rodi, shi ya bi. Gaskiyarsa ke nan. Ƙasar nan tana da majalisar COREN mai rajistar injiniyoyi tun 1970, da CORBON mai rajistar ƙwararrun magina tun 1989, a Jos kuma hukumar JMDB ce ke ba da izinin gini. Duk mai niyyar hawa sama, ko gina aji, ko majami'a, inda rayuka da yawa za su taru, ya nemi mai rajista, ya ga takardarsa da idonsa. Kwamitocin gini na ikkilisiyoyinmu su ma su ji wannan, gama sau da yawa wanda ya fi ba da baiko shi a ke bar wa ginin.

Mama ta koma ɗakinta a ƙarshen Janairu na 2025. Abin da na kashe duka ya kusa ninka lissafina na farko sau biyu, bashin ƙungiyar malamai kuwa har yanzu ana cirewa daga albashina. Saurayin nan ya biya 210,000 zuwa yau. Ya kan kawo dubu goma ko ashirin a ambulan, ya ba dattijon ikkilisiya, shi ya kawo mini. Ya koma aikin fenti, an ce hannunsa yana da kyau a nan.

Hadarin farko na 2025 da dare ya zo, cikin watan Afrilu. Na tashi da tocila na bi ɗaki ɗaki ina haska silin, uwargida tana bina da roba a hannu saboda sabo. Ba ɗigo ko ɗaya. Mama ba ta ma farka ba. Da safe, tun ban gama karyawa ba, na ji ƙarar keke a ƙofar gida. Baba ne, da takardarsa a ninke cikin aljihu. Bai karɓi kuɗin ba sai da ya sa aka kawo tsani ya hau ya duba da kansa. Da ya sauko ya ce akwai ƙusa biyu a gefen gabas da ba su gamshe shi ba, a aiko masa da yaro ya karɓo guduma.